Kumandan Safiyanu da Ɓarawon Sarauniyar Teku

Idan ana lissafa abubuwan da Allah ya albarkaci garin Gaya da su, mutane kan fara da kogi, su bi da gada, su ambaci rake da giginya da ruwan saman da ya fi na ko'ina a ƙasar nan. Wannan lissafin marasa sani ne. Wanda ya san abin da yake yi da Kumandan Safiyanu zai fara, in ya so kogin ya biyo baya.

Kada wani ya tambaye ni rundunar da ya taɓa jagoranta, don tambayar rashin kunya ce. Abin da aka sani shi ne ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin sufuri kusa da tashar manyan motoci, kuma aikinsa guda ne. In an gama loda kamyo, wato babbar motar kaya, an ɗaure tampol, sai ya zo da awartakinsa ya matse ƴar darma a bakin igiya, alamar ba mai buɗe kayan sai an isa inda za a sauke. Direbobi suka lura in suka ce masa Safiyanu sai su wuni a rana suna jira, in suka ce Kumandan kuwa sai a sallame su tun shayinsu bai huce ba. Da haka sunan ya kama shi. Ranar da ya ajiye aiki ya bar wa kamfani tebur da kujera, ya tafi gida da sunan da kuma awartakin.

Shi dai ɗan tasha ne, jikan ɗan tasha. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma yana faɗin haka da irin muryar da wasu ke faɗin sun sauke farali. Abinci a kwano ya san shi, in ji shi, yadda aka yi ya iso kwanon kuwa matsalar mutanen ƙauyukan Bana da Bengu ce. In manomi ya gaishe shi, da kan hanci yake amsawa, sannan ya gyara gilashinsa mai igiya, wanda ba don ya gani yake sawa ba, don a gan shi ne.

Ilmi kuwa ba a magana. A wata tafiya Kwatano ya sayo waɗansu littattafan Faransanci a bakin titi, irin waɗanda ake kashe attajiri a ɗaki a kulle, daga ƙarshe wani mai wayo ya tara mutanen gida ya nuna mai laifi da yatsa. Ɗaya daga ciki ma shafukan ƙarshe sun yage, amma wannan bai dami Kumandan ba, da kansa ya yanke wa littafin hukunci, ya ce likitan ne. Tun daga nan ko cokali ya ɓace a fadarmu, wato inuwar mangwaron ƙofar gidansa inda muke shan shayi, sai an buɗe bincike, wanda shi yake kira anketi. Ba a taɓa gano cokali ko ɗaya ba, amma mun saurari bayanai masu gamsarwa.

A wannan inuwa ya sanar da mu shirin da zai fitar da Gaya daga duhu. Ya miƙe tsaye, ya sa hannu ɗaya a baya, ya ce:

"Jama'a, na zaga duniya, na je har bakin teku. Abin da ya raba garin da ya waye da ƙauye ba kwalta ba ce, ba lantarki ba ne. Fure ne. Ku mutanen nan duk koren abin da kuka gani, tambayarku ɗaya ce: ana ci? Mutumin da ya shuka abin da ba zai ci ba, shi ne ya ƙoshi. Saboda haka na kafa gasar furanni ta garin Gaya, kuma na amince da roƙon da za ku yi mini na in shugabance ta."

Ba mu roƙa ba, amma mun tafa, don shayinsa muke sha. Ya naɗa kansa shugaban gasa, da shugaban alƙalai, da kuma ɗan takara. Sai da Alhaji Alfari, mai manyan motocin nan da ya yi alkawarin sayen kofi, ya ce ba zai ba da kofinsa mutum ya miƙa wa kansa ba, sannan Kumandan ya sauka daga alƙalanci don nuna tawali'u. Aka samo wasu tsoffin malaman makaranta aka ba su aikin.

Abin mamaki, gari ya karɓi zancen. Ashe gidaje da dama akwai mai lallaɓa ɗan furenta a gwangwanin fenti ko fasasshen tulu, ba wanda ya taɓa tambayarta ne kawai. Wadda ta fi kowa ita ce Hajiya Zalika mai atamfa, wadda wardinta a tsoffin robobin wanka ya sa mata ke zuwa shagonta ko ba su da niyyar sayen komai. Hajiya Zalika ƴar kawun Kumandan ce, wato taubashiyarsa, kuma tun suna yara ba ta taɓa ganinsa ta wuce ba ta tsokane shi ba.

Wardi bai tsorata Kumandan ba, don yana da makaminsa. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya ba shi waɗansu ƙwayoyin iri a tashar Kwatano, ƙunshe cikin takardar jarida mai rubutun da ko shi Kumandan bai iya karantawa ba, abin da ya tabbatar masa cewa irin daga nesa ya fito ƙwarai. Ba mai jin yaren wani a cikinsu, amma manyan mutane ba sa buƙatar tafinta. Da ruwan farko ya sauka ya sa aka gyara masa fili a farfajiyar bayan zaurensa, ya tsaya da lema yana nuna inda za a binne kowace ƙwaya, ya raɗa wa shukar suna Sarauniyar Teku tun ba ta tsiro ba.

Ta kuwa tsiro, ta yi kyau abinta. Karanta ja wur, ganyenta mai yatsu da jajayen jijiyoyi, ta miƙe har ta kai ƙirjin mutum. Da safe takan buɗe fure ruwan ɗorawa mai duhun ciki, kafin yamma ya yi yaushi ya faɗi, a wurinsa wani ɗan jan abu mai tsini ya fito yana nuna sama.

To, mai karatu, bari in hutar da kai. Kuɓewa ce. Jar kuɓewa ce irin ta wata ƙasa, amma kuɓewa dai. Duk wanda ya leƙa farfajiyar nan ya gane ta, daga limamin unguwa har mai tallan gawayi. Mutum ɗaya ne a Gaya bai gane ba, kuma shi ne yake mana bayaninta. Ya ce furen nan ruwan ɗorawa ɗan aike ne kawai, mai shelar zuwan sarauniya. Jan abin nan mai tsini shi ne ainihin toho, in ya cika zai buɗe ya yi faɗin faranti, ƙamshinsa ya ƙetare kogi a ji shi a Malanbil.

Za ka ce me ya sa ba a faɗa masa ba? An faɗa. Labo, maƙwabcinsa mai gyaran babur, ya taɓa cewa a hankali wai ganyen ya so ya yi kama da wani abu da ya sani. Ya sha laccar da ta kai la'asar a kan bambancin kama da zama, daga ranar ya kama bakinsa. Sauranmu muka duba muka ga mutumin ya girme mu, inuwar tasa ce, sukarin nasa ne, kuma tsakani da Allah abin yana mana daɗi. Wadda ta faɗa masa ƙiri-ƙiri ita ce Hajiya Zalika. Ta shigo gaida matarsa, ta tsaya ta dubi shukar, ta ce, "Kai bawana, yaushe ka fara noman miya?" To amma taubashiya ce. Wadda ta saba ce maka bawa, ta ce kanka kamar tulu, ta ce uwarta ce ta saye ka da goro, ranar da ta faɗi gaskiya ma cikin wasa za a lissafa ta. Kumandan ya yi dariyar manya, ya ce mana hassada ta fara aiki.

Ana cikin haka masifa ta auku. Wata safiya ya fito zagayen duba sarauniya, ya tarar tohon da suka fi girma babu su. An yanke su tsaf da wuƙa, an bar ƙananan. Ya ɗaura zare a gindin waɗanda suka rage don shaida. Bayan ƴan kwanaki ya tarar da zaren, bai tarar da toho ba. Haka abin ya ci gaba, duk wanda ya kai tsawon yatsa, ya kusa buɗewa a lissafin Kumandan, sai a wayi gari ya yi ƙafa.

Nan ma ba zan wahalar da kai ba. Rakiya ce, matarsa. Mace ce mai haƙuri wadda ba ta son ɓarna. Da ta ga kuɓewa ta isa cira a cikin gidanta, ta tambaye shi ko a cire. Bai ma bari ta ƙarasa ba, ya ce mata tukunya da kimiyya ba sa haɗa hanya, kowa ya tsaya a sashensa. Ita kuwa ta duba ta ga kuɓewa a sashenta take. Saboda haka in ta fito sharar safe, shi yana masallaci, sai ta yanke waɗanda suka isa ta wuce madafa. Jar kuɓewa kuwa in ta ji wuta koriya take komawa kamar kowace. Kumandan ya yi makonni yana suɗe kwano yana cewa bana hannun Rakiya ya faɗa, sannan ya wanke hannu ya fita neman ɓarawo.

Kai, ba mu taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba. Fuska a murtuke, amma tafiyar har da rangaji. Shekara da shekaru yana jiran laifin da ya dace da basirarsa, ga shi Allah ya kawo masa har gida. Ya ce mana in ya gama zai rubuta littafi a kan lamarin, wanda za a karanta har Yamai. Ya riga ya je an ɗauke shi hoton bangon littafin, da gilashi da yatsa a haɓa. Abin da ya rage kawai shi ne rubutun ciki.

Ya fara da sawu. Ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsinken tsintsiya yana awo, ya gano sawun wani takalmi mai faɗi da ya zagaye shukar ta kowane gefe. Muka bi sawun a bayansa, ya ratsa farfajiya, ya shiga zaure, ya tsaya a ƙofar ɗakin Kumandan, inda takalmin yake ajiye. Wani zai ji kunya. Shi kuwa sai ya kaɗa kai cikin jinjinawa, ya ce lalle abokin karawarsa ba ƙaramin mutum ba ne, tun da har ya san ya ari takalmin mai gida don ya ɓatar da bincike. Akwai kuma sawun silifa ƙarami da ya nufi madafa, amma ya ce wannan na cikin gida ne, ba ya cikin lissafi. A littattafansa mai laifi kullum mutum ne mai ilmi da manufa, Rakiya kuwa, in ji shi, baiwar Allah ce da ba ta san fure daga ganyen rama ba.

Mutane suka ce ko akuyar Labo ce, don dai a rufe zancen. Kumandan ya sa aka kawo ta gabansa, ya buɗe bakinta ya leƙa, ya shinshina, ita kuma ta yi masa atishawa a gilashi. Ya wanke ta daga zargi nan take. Ya ce akuya ba ta yanka da wuƙa, wanda gaskiya ne, kuma shi ne abu mafi hankali da ya faɗa a duk damanar. Amma ainihin dalilinsa, yadda ya gaya mana daga baya, shi ne mutum irinsa ba ya rubuta littafi a kan akuya.

Da gasa ta matso ya yi abin da littattafansa suka koya masa, ya tara waɗanda ake zargi a zaure. Ga Labo da baƙin mai a hannu, ga Hajiya Zalika da ta rufe shago ta zo don kada a ba ta labari, ga mu ƴan fada a matsayin shaidu. Rakiya ta aiko da kunun gyaɗa. Ya yi ta kai da kawowa a gabanmu, hannu a baya, yana tsayawa a gaban kowa ya zura masa ido ta saman gilashi. Ya ce Labo yana da wuƙa kuma katangarsu ɗaya, amma ba shi da dalili. Ya ce Hajiya Zalika tana da dalili, amma jikinta bai ba ta damar haura katanga ba. Ta ce ya maimaita, ya ƙi. Daga nan ya ce a haɗa mai dalili da mai katanga a ga abin da zai fito.

Labo ya ji zafin wannan magana, don mutum ne da ko ƙusar wani bai taɓa ɗauka ba. Ya miƙe zai fita. Hajiya Zalika ta ce ya zauna, sannan ta juya ta tambayi taubashinta abin da zai ajiye in ranar gasa ta zo bai ci kofi ba kuma bai kama kowa ba. A nan ne girman kai ya ja shi ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba.

"Ku shaida," in ji shi. "Ranar gasa, a gaban Alhaji Alfari da duk garin nan, zan ɗaga kofi da hannun dama, in nuna ɓarawo da na hagu. In ɗaya ya kuskure, kada wanda ya sake ce mini Kumandan har in mutu."

Mu da muka san shi mun san ba ƙaramin abu ya ajiye ba. Ba shi da mota, ba shi da gona, ƴaƴansa duk suna nesa. Sunan nan shi ne abin da yake tashi da shi da safe, shi ne ya sa ƴan kabu-kabu masu babur ke rage gudu a ƙofar gidansa. Wallahi a lokacin ya ɗan ba ni tausayi, sai dai tausayin bai kai na buɗe baki ba.

Washegari ya fito da dabarar da ya ce ba a taɓa yin irinta ba a tarihin bincike. Ya sa aka kewaye shukar da zana mai tsayi, wadda ta fi kan mutum, aka bar sama a buɗe don rana da ruwa. Aka ɗaure bakin zanar da igiya, ya shiga ɗaki ya fito da tsohon awartakinsa a naɗe cikin ƙyalle, ya matse darma a kan ƙullin, a gaban shaidu, da irin natsuwar da yake yi wa kamyo mai zuwa Agadas. Ya ce daga yau ba mai ganin sarauniya sai ranar gasa. Muka ce ko shi? Ya ce ko shi.

"Hatimi hatimi ne. Wanda ya matse shi ma ba ya buɗewa sai kaya sun isa. In ɓarawo ya taɓa, darma za ta tona shi. In bai taɓa ba, toho zai buɗe. Ta ko'ina na yi nasara."

Ya ƙara da cewa tun da sarauniya ba ta zuwa wurin talakawa, a farfajiyarsa za a yi gasar. Rakiya ta fito ta ce ko za a bar ta ta riƙa shiga tana ɗan dubawa, don abin ba ya son a bar shi ya daɗe. Ya ce ta ji irin maganar da yake faɗa, mace ta ga shuka sai ta ɗauka yaro ne. Ta ce to, ta koma ciki. Kwanakin da suka biyo baya miyar kuka aka yi ta sha a gidan, har ya yi mana ƙorafin cewa girkin Rakiya ya ja baya.

Ranar gasa gari ya yi kyau, an yi ruwa da asuba an ɗauke. Tun hantsi mata ke shigowa da gwangwanaye da tukwane a ka, wasu a bayan kabu-kabu suna rungume da su kamar jarirai. Farfajiyar ta cika da ja da fari da shuɗi, yara sun hau katanga, masu ƙosai sun kafa kasko a waje. Har daga Kamba da Malanbil an zo kallo. Aka jera wardin Hajiya Zalika a kan benci, alƙalai suka yi ta zagaya shi suna gyaɗa kai. A tsakiyar wannan duka ga zana a tsaye da ƴar darmarta, Kumandan na gefe cikin babbar riga mai aiki, ba ya barin kowa ya matsa kusa.

Sai bayan la'asar ya yarda a zo kansa, don a cewarsa babban abu shi ke rufe taro. Ya kira Alhaji Alfari da alƙalai su duba hatimi su tabbatar ba a taɓa shi ba. Suka duba, suka tabbatar. Ya juya ga jama'a.

"Ƴan'uwa, yau Gaya za ta ga abin da kakanninta ba su gani ba. Waɗanda ke da raunin zuciya su ja baya, don ƙamshin yana da ƙarfi. Wanda kuma ya san hannunsa ba shi da tsabta a wannan lamari, ya kalli abin da ya so ya hana garinsa gani."

Ya faɗi haka yana duban Labo da Hajiya Zalika. Sannan ya datse igiya, aka janye zana.

Sarauniya ta yi tsayi, ta wuce kan kowa. Fure ko ɗaya babu a jikinta, don kuɓewar da aka bari da ƴaƴa ba ta damuwa da yin wani. Abin da ke akwai shi ne kuɓewa, daga gindi har sama, jajaye, zara-zara, wasu sun kusa kai tsawon taƙi biyu, duk sun miƙe suna nuna sama. A wannan girman ko ɗan tasha jikan ɗan tasha ba zai ce bai gane ba. Mutane suka yi ta kallon ƙasa, wasu suka sa gefen mayafi a baki. Wata tsohuwa daga baya, wadda ba ta san ana wani abu ba, ta ce ma sha Allahu, wane ne mai gonar?

Kumandan ya cire gilashi ya goge ya mayar. Amma jarumi ba ya faɗuwa da bugu ɗaya. Ya ɗaga hannu ya ce jama'a su ga iyakar rashin imani, ɓarawo bai tsaya ga sace furanni ba, har ya ɗauro kayan miya a jikin sarauniya don ya wulaƙanta shi. Alhaji Alfari ya tambaya a hankali ta ina ɓarawon ya shiga, tun da yanzu aka tabbatar da hatimi. Kumandan ya ce zai nuna musu zaren da aka ɗaura da shi. Ya kama ɗaya ya ja. Ba ta zo ba. Ya sa hannu biyu ya ja, shukar duka ta biyo shi ta rusuna, da ya saki ta koma ta watsa masa ruwan ganye a babbar riga. Ya tsaya yana susar tafin hannu, don ƙaiƙayin kuɓewa bai san manya ba.

A nan dariyar ta ɓalle, ba mai iya riƙe ta. Labo ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Hajiya Zalika kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta gyara ɗaurin ɗankwali kawai ta ce ai ta faɗa masa tun shukar tana ƙarama.

Alhaji Alfari mutumin kirki ne, ba ya son a tashi taro da wani a ƙasa. Ya yi shawara da alƙalai, ya ce kofi na wardin Hajiya Zalika ne, wannan ba gardama. Amma tun da ba a taɓa ganin jar kuɓewa mai wannan girma a Gaya ba, zai ƙara kyauta ta musamman ta kayan lambu, in dai mata masu girki sun duba sun ce ta cancanta. Kumandan ya ɗago kai. Kyautar manoma ce, amma kyauta ce, kuma na ga yana lissafin yadda zai mayar da ita babi a littafinsa.

Matan suka tura Rakiya gaba, tun da gidanta ne. Ta zo a natse, ta rusuna ta gaida manya, ta kama ɗaya ta danna tsininta da babban yatsa, yadda kowace mace ke yi a kasuwa. Ɗanyar kuɓewa tsininta ɓallewa yake yi ƙas. Wannan ko lanƙwasa bai yi ba. Ta gwada ta biyu, ta gwada ta uku, ta girgiza wata aka ji ƴaƴa na kaɗawa a ciki.

"Alhaji, sun ƙosa, sun zama itace," in ji ta. "Ko an daka ba za su yi yauƙi ba." Ta juya wajen mijinta cikin ladabi. "Malam, da ka bar ni na ci gaba da cirewa kamar da, ai da ba su lalace ba. Waɗanda kake ci kana yabawa duk ƙanana nake yanka."

Hannun hagun Kumandan, wanda ya tanada don nuna ɓarawo, yana nan a gefensa yana susa. Na dama kuwa ya sa shi a aljihu lokacin da Hajiya Zalika ke ɗaga kofi. Kafin magariba farfajiyar ta watse, sai wasu manoma daga Bengu da suka tsaya suna roƙon Rakiya ta ajiye musu iri in sun bushe.

Da safe muka hallara a inuwar mangwaro kamar kullum, kowa yana jiran ya ga wanda zai fara. Ya fito a makare, ba gilashi, ya zauna a kujerarsa. Labo ne ya matso, ya rage tsawo kamar yadda ya saba, ya miƙa hannu biyu.

"Ina kwana, Malam Safiyanu. Ya gona?"

Gaisuwa ce, kuma a garin nan ba a barin gaisuwa a ƙasa. Ya dubi Labo, ya dube mu, ya dubi butar shayi.

"Gona da godiya," in ji shi.